Hubbaren Tafawa Ɓalewa da tarihin masu gini da haske

Rubutun yau yana da tsawo, wanda ke cikin lakca ya ajiye waya tukuna, ya dawo in an fito.

A duniyar masu fasaha akwai wani reshe da ya haura shekara ɗari ana ji da shi a Turai da Amurka. Masu yinsa sun gaji da hoton da ke manne a bango da mutum-mutumin da ke tsaye ƙiƙam wuri ɗaya. Sai suka koma ƙera abin da ke motsi, iska ko inji na juya shi. Wasu kuma suka ɗauki haske kansa suka mai da shi kayan aiki, kamar yadda magini ke ɗaukar tubali. Burinsu mutum ya shiga wurin da ƙafarsa, idonsa ya ruɗe ko ya washe, ya fito yana tambayar kansa yadda ma aka yi yake gani. Ana kashe maƙudan kuɗi a kan irin wannan aiki, mutane na hawa jirgi takanas don su je kallo.

Abin da nake so in kafa a nan shi ne, a cikin garin Bauchi, daura da Ƙofar Ran, muna da gini guda da ya cancanci a jera shi da waɗancan, kuma tun 1979 yake nan tsaye. Hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa nake nufi. Da yawa cikin waɗanda suka yi firamare a garin nan an taɓa jera su layi an kai su, sun yi ta ihu cikin duhu suna tsorata juna, aka fito aka koma makaranta, shi ke nan. Waɗanda karatu ya kawo daga Gombe, Azare, Potiskum ko Kano kuwa, wani sai ya gama digiri bai san hanyar ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Bari mu fara leƙa can waje a gurguje, don mu san da su wa muke gwada namu.

A 1920, a Mosko, ana tsakiyar yunwa da yaƙin basasa, wani ɗan Rasha mai suna Naum Gabo ya kafa siririyar sandar ƙarfe a kan ɗan akwati, ya sa mata ɗan injin lantarki a gindi. In aka danna maɓalli sai sandar ta hau karkarwa da sauri, har ido ya daina ganin sanda, ya koma ganin wata siffa mai ciki kamar dogon tulu tsaye a iska. Wannan siffar babu ita ko'ina sai a idon mai kallo. Duk wanda ya taɓa zaro bakin wuta daga murhu da daddare ya wulwula shi har ya ga jan zobe ya san wannan sirrin, kuma na tabbata ya sha ranƙwashi a kansa. Ido yana riƙe hoton abu na ɗan ƙanƙanin lokaci bayan abin ya wuce, sai ƙwaƙwalwa ta ɗinke guntayen ta ba ka zobe.

Sai Alexander Calder, Ba'amurke. 'Yan injiniya ku saurara nan, domin naku ne, digirin injiniyan kanikanci ya gama a 1919 kafin ya karkata zuwa fasaha. Ya je Paris a 1926 ya riƙa haɗa 'yan mutane da dabbobi da waya da tsumma da toshiyar kwalba, yana jan zare suna tsalle da alkafura, manyan masu fasahar birnin na zaune a ƙasa suna kallo. Daga 1931 ya shiga ƙera abubuwa masu motsi gadan-gadan, daga baya ya ajiye inji ya bar wa iska aikin. Yankakkun falankan ƙarfe ne rataye a jikin sanduna, kowace sanda an auna inda nauyinta zai daidaita, iska kaɗan ta taɓa ɗaya sai duk su kama juyawa a hankali kamar ganyen bishiya. Lissafin ma'auni ne tsantsa, irin wanda ake kayar da 'yan aji ɗaya da shi a jarrabawa. A 1930 kuma László Moholy-Nagy, ɗan ƙasar Hungari da ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya nuna wani inji na faya-fayan ƙarfe masu huji-huji da gilashi, yana juyawa a gaban fitilu, inuwoyinsa na yawo a bango. A wajensa inuwar ita ce aikin, injin ɗan aike ne kawai. Can baya-bayan nan akwai Theo Jansen na ƙasar Holan, wanda ya karanta fiziks, tun 1990 yake haɗa wasu halittu masu ƙafafu rututu da bututun roba irin na wayarin, iskar bakin teku na tura su suna tafiya da kansu.

Mutum biyu ne suka fi kusa da maganarmu. Na farko James Turrell, wanda aka haifa a 1943, matuƙin jirgin sama ne kuma ya karanci yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani. Abin da ya yi suna da shi ɗaki ne fayau, da benci kewaye, da ƙofa a rufi wadda ba gilashi ba komai. Ka zauna ka kalli sama, iyakar abin ke nan. Amma da yake bango ya yanke maka sararin ya bar maka ɗan yanki, sai ka ga launinsa kamar ba ka taɓa gani ba. Ya gina irin ɗakunan nan gommai a ƙasashe daban-daban, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 ya mallaki wani mataccen dutse mai aman wuta, Roden Crater, a hamadar Arizona, yana haƙa hanyoyi masu duhu a cikinsa waɗanda ke ɓullewa ga sararin sama. Ku riƙe wannan lokacin, za mu dawo kansa. Na biyu Olafur Eliasson, wanda a 2003 ya rataya rana ta ƙarya a babban zauren gidan kayan fasaha na Tate Modern a Landan: rabin da'ira na fitilu ruwan ɗorawa, madubi a rufi ya cike ɗaya rabin, ga hazo ana fesawa. Kimanin mutum miliyan biyu suka je, suna kwanciya a ƙasa suna kallo. Allah sarki, mutanen da ba su da rana. Mu da muke da ita har ta yi mana yawa, a watan Afrilu ko kyauta aka ce mu kwanta a ƙarƙashinta ba mai yi.

Na san akwai wanda tuni ya fara rubuta cewa ai Musulmi ne suka fara. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaje-gwajensa ne a ɗaki mai duhu da 'yar huda, ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. Aljazari kuma ya kammala littafinsa na injuna a 1206 a Diyarbakir, ciki har da agogon giwa mai aiki da ruwa, da tsuntsu da maciji masu motsi in lokaci ya cika. Duk wannan haka yake. Sai dai mun cika son alfahari da na Bagadaza da Alƙahira, wanda bai sa mu komai sai tura rubutu a WhatsApp, alhali na ƙofar gidanmu ba mu ko tsaya mun auna shi ba.

To mu dawo gida.

Malam Yakubu, ɗalibin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ɗaya daga masu tutarsa, ya taso daga Inkil ya kafa garin Bauchi a 1809. Ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita goma da rabi, da ƙofofi irin su Wunti, Ran, Nassarawa, Jahun, Dumi da tamu ta Wambai. Ya rasu a 1845, Turawa suka ci garin a 1902. Yau in ka tsaya a Ƙofar Wambai abin da za ka gani kwalta ce da 'yan Keke Napep da masu shago, ganuwar kuwa gidaje sun cinye mafi yawanta, sunan ne ya fi ƙarfi. Amma ƙofar birni a wancan zamani, kamar yadda tsofaffin hotunan ƙofofin Kano ke nunawa, rami ce a jikin katanga mai kaurin gaske, an rufe samanta da azara. Fatake sun yini cikin ƙwalleliyar rana, sai su kutsa cikin wannan ɗan duhun mai sanyi, idonsu ya yi dumɗum na ɗan lokaci, sannan su ɓulla cikin gari. Sarkin ƙofa da ke zaune a inuwa ya riga ya ƙare musu kallo tun daga nesa, su kuwa ba su gan shi ba sai da suka zo dab da shi.

Haka zaure yake aiki har gobe. Maigida na zaune ciki yana ganin duk mai wucewa tar, mai wucewa ko ya leƙo ba abin da zai gani sai baƙi. Ba labule, ba gilashi mai duhu, bambancin hasken ciki da na waje kawai magini ya yi amfani da shi. Daga zaure ka bi ta shigifa, ƙofofin kuma ba sa kallon juna don kada ido ya zarce, sannan ka faɗa tsakar gida, fili fetal, sama a buɗe. Duhu, kwana, sai haske. Ƙafar duk wanda ya girma a tsohon gida cikin gari ta haddace wannan tafiyar tun yana rarrafe.

Gwanin gwanayen wannan aiki shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Mu ma ya bar mana aikinsa a ƙasar Bauchi: gidan Madaki a Kafin Madaki, can ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda aka sa cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956, Nijeriya ba ta ma sami 'yanci ba. Wanda ya taɓa shiga irin sorayen nan ya san yadda 'yar ƙaramar taga can sama ke sako zaren haske, ya bi jikin bakan gizo yana fito da zanen da aka yi da laka, zanen kuma ya riƙa sauya kama daga hantsi zuwa la'asar. A wasu sorayen sarakuna har faranti ko tasa ake mannawa a ƙololuwar rufi inda bakunan suka haɗu, ta kama ɗan hasken da ya shigo ta maido shi. Mata ma suna da nasu. Jeren tasoshi da kwanuka a ɗakin amarya, an goge su sun yi ƙal, a kunna fitilar ƙwai guda ɗaya sai bango gaba ɗaya ya ɗauka. Wannan in a Landan aka yi shi da sai an rubuta masa littafi.

Ɓangaren motsi kuwa yara ne suka riƙe shi, ba kuma wanda ya taɓa ce musu fasaha suke yi. Motar kara, motar langa-langa mai sitiyari dogo wanda ake tuƙawa a tsaye, farfelar takarda da ake gudu da ita, katantanwa. Ga majigin kwali, a yanka 'yan mutane a sa tocila a baya, inuwa ta faɗa kan farin ƙyalle, a karɓi kuɗin shiga. Abin da Calder ya yi da waya a Paris har ya yi suna, a lungunan Ƙofar Wambai ana yinsa duk hutun makaranta. Bambancin shi ne shi an bar shi ya girma da abinsa, namu kuwa da ya kai aji shida ake ce masa ya daina wasan banza.

Da wannan gadon a ƙasa aka wayi gari ranar 15 ga Janairun 1966.

Tarihin mutumin kowa ya san shi, don haka ba zan ja ba. An haife shi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Shi ya rubuta Shaihu Umar. Ya yi shekara guda a Landan yana ƙaro ilimin koyarwa, ya shiga siyasa, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi takardun 'yancin ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1960. Sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas a daren juyin mulki, cikin watan azumi, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. Yana da shekara 53. Aka kawo shi gida aka binne.

Shekara goma bayan nan, ranar 3 ga Fabrairun 1976, Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Bauchi, kwana goma kafin shi ma a harbe shi. Sabuwar jiha, ga kuɗin fetur na shigowa, ga ƙasa na ta bikin nuna al'adu, don a 1977 aka yi FESTAC. A wannan shekarar aka fara ginin hubbaren, aka buɗe shi a 1979. Wato daidai lokacin da Turrell ke fara lalube a dutsensa na Arizona, a nan Bauchi ana zuba kankare don yin abu mai kama da shi.

Ku tsaya ku yi tunanin matsalar da ke gaban masu aikin. Yaya za a karrama shugaba Musulmi, malamin makaranta, a tsakiyar garin Yakubu? Hanyar da duniya ta saba ita ce a zuba tagulla a yi mutum-mutumi ƙato, hannu a sama. Haka aka yi wa Kwame Nkrumah a hubbarensa na Accra da aka buɗe a 1992. A Legas ma, dandalin da aka sa wa sunan shi Tafawa Ɓalewan, manyan dawakai da gaggafa ne tsaye a kan ƙofarsa. A Bauchi wannan ba za ta saɓu ba. Ranar da aka kafa shi ranar za a ce gunki ne, kuma iyalansa da malaman gari ne za su fara faɗa. Ita kanta maganar gini a wurin kabari malamai suna da bayani a kanta, wannan na bar musu, ba fagena ba ne. Abin da na lura da shi dai, da aka toshe hanyar siffar mutum, sai aka nemi wani harshen da za a ba da labarin da shi, aka samu duhu da haske da tafiyar ƙafa. Ƙuntatawar ce ta haifi ginin, kuma a ganina ta haifi abin da ya fi mutum-mutumi nesa ba kusa ba.

Daga waje ba shi da wani kwarjini, katangu ne dogaye na kankare, shiru. Kana shiga sai duhu ya haɗiye ka. Doguwar hanya ce, bango dama bango hagu, mutum ya rage sauri ba tare da an ce masa ba, wani har ya miƙa hannu yana laluben bango. Hira takan mutu da kanta. Can sai ɗan haske ya ratso, kaɗan, bai isa ya haska maka komai ba sai dai ya nuna maka cewa akwai gaba. Masu yi wa baƙi rakiya sukan ce duhun zamanin mulkin mallaka ne, ɗan hasken kuma fatan samun 'yanci. Akwai matakala iri biyu, mai kaushi da mai santsi, su ma da fassararsu, wahala da sauƙin da ya biyo ta. Daga nan sai ka ɓulla fili. Ba rufi. Katangu sun tashi ta kowane gefe, an lulluɓe su da ƙananan tayil launi-launi waɗanda aka ce ƙabilun Nijeriya ne, kabarin na ƙasa, sama kuma tana can buɗe.

Abin da ke faruwa da jikinka a wannan lokacin ba tatsuniya ba ce, 'yan likitanci za su gyara mini in na kauce. 'Yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido takan tsuke zuwa kamar milimita 2 a cikin rana, ta buɗe har kusan milimita 8 a duhu. Faɗi ya ninka huɗu, fili ya ninka goma sha shida ke nan, hasken da ke iya shiga ma haka. Tantanin da ke bayan ido shi ma yana ƙara kaifi a hankali, yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya gama sabawa da duhu. Tafiyar hubbaren ba ta kai haka ba, amma ta isa ta buɗe idon. Sai a sake ka cikin ranar Bauchi da ido a wangale. Shi ya sa kowa ke runtsewa yana kare fuska da hannu, kamar wanda aka maido wa wuta ƙarfe biyun dare bayan ya manta bai kashe ƙwan ɗaki ba. Ranar nan dai ita ce ka baro a bakin titi minti kaɗan da suka wuce ba ka ko kula ta ba. Ginin bai ƙara mata komai ba, kai ya gyara.

Ba ina cewa an zauna an kwaikwayi zaure ba ne. Ina cewa ɗan cikin gari in ya shiga wurin ba ya buƙatar tafinta. Zaure, shigifa, tsakar gida: tsarin da ya sani ne aka faɗaɗa, aka ɗora masa tarihin ƙasa.

To ina motsin, tunda ba inji ba farfela? Motsin na sama. Ginin ne ke tsaye, rana ke tafiya, inuwar katangu na zagaya filin kamar hannun agogo. Da safe bangon yamma ke shan haske, da la'asar na gabas, launin tayil ɗin na sauyawa da su. Da hunturu ƙura takan tace hasken har rana ta koma kamar farin faranti, ka kalle ta ido da ido, kusan irin wadda Eliasson ya kashe kuɗi ya haɗa. Da damina hadari na wucewa ta wannan yankakken sararin a guje, ruwa kuma ya sauka har kan kabarin kamar na kowane talaka a maƙabarta. Kakanninmu da ma da inuwa suke gane azahar da la'asar, ladan ya fito ya auna ta da ƙafa, don haka karanta inuwa ba baƙon ilimi ba ne a garin nan.

Akwai kuma wani abu da muke da shi wanda Turrell ba zai taɓa samu a Arizona ba ko nawa ya kashe. Bauchi tana kan digiri goma da ɗan ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu. Duk garin da ke cikin wannan yanki na tsakiya, sau biyu a shekara rana takan tsaya masa daidai tsakiyar ka. A wajenmu wannan na faɗawa tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ranar tsaka tana ɗan karkata arewa, inuwa ta faɗi kudu, sauran shekara kuma akasin haka. A ranakun biyu kuwa, da tsakar rana, katanga miƙaƙƙiya ba ta da inuwa. Arizona ta yi arewa da yawa, rana ba ta taɓa hawa kanta haka.

Yanzu ga wurin da ni da masu rakiya muka ɗan rabu. Labarinsu mai daɗi ne: daga duhun mulkin mallaka zuwa hasken 'yanci. Amma ku duba abin da hasken ke sauka a kansa. Ka sha duhu, ka taka mai kaushi, an buɗe maka ido, abu na farko da aka nuna maka kabari ne, na mutumin da ya karɓo 'yancin, wanda sojojin ƙasarsa suka kashe shekara biyar da 'yan watanni bayan an sauke tutar Ingila. Bayansa aka yi juyin mulkin Yulin 1966, aka yi kashe-kashe, aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Kuma wa ya gina hubbaren? Gwamnatin soja, zamanin Janar Obasanjo, Garba Duba na riƙe da jihar lokacin da aka buɗe shi. An buɗe shi ne 'yan watanni kafin sojoji su miƙa mulki ranar 1 ga Oktoban 1979 ga Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi minista a gwamnatin shi marigayin. Ni dai in na tsaya a filin nan ba murna nake ji ba. Ya fi mini kama da ban haƙuri daga wanda nauyin bakinsa ya hana shi furtawa, sai ya gina. Mutum-mutumi abu ɗaya yake iya faɗa, wato ga gwarzo. Wannan ginin yana iya faɗin biyu a lokaci guda, ga abin da muka samu, ga abin da muka yi da shi. Shekara huɗu da wata uku bayan miƙa mulkin sojoji suka sake dawowa.

Shekara guda bayan buɗe hubbaren, a 1980, aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Bauchi, wadda aka sa wa sunansa a 1988. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga ta jiha mai sunan Tatari Ali. Garin nan cike yake da masu karanta zanen gine-gine, injiniya, fiziks da ƙirar kayayyaki. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, in lokacin furojet ya zo me muke yi? Mu hau intanet mu kwaso benen gilashi irin na Dubai, mu juya fuskarsa yamma, a garin da zafi ke dosar digiri 40 kafin damina, sannan mu zana masa na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Mukan zana ɗakin karatu da sai an kunna ƙwai da rana tsaka. Ga gini a cikin gari wanda rana kaɗai ke yi masa aiki sama da shekara arba'in, ga na Babban Gwani da ya haura ɗari da hamsin, ba mu ɗauke su darasi ba sai wurin ɗaukar hoto. Wayar da ke hannunka tana iya auna ƙarfin haske. Mutum uku da tef ɗin awo da littafi za su iya bin hanyar nan taku-taku su rubuta yadda hasken ke raguwa da ƙaruwa, safe da rana da yamma, rani da damina. Wannan kaɗai babi ne guda na digiri na biyu, kuma ya fi wanda ake kwafowa daga na 'yan bara.

Wanda ke son ya gani da idonsa, daga Ƙofar Wambai ko Wunti ɗan Keke zai kai shi, a ce masa kabarin Tafawa Ɓalewa, hanyar Ran. A je da natsuwa, wurin kabari ne, a yi wa mamaci addu'a. Kada a kunna tocilar waya a cikin duhun, don Allah, ita ke ɓata komai, a bar ido ya yi aikinsa. A harabar akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayayyakinsa, a leƙa bayan an fito. Masu son ranar da inuwa ke ɓacewa su sa ido wajen 16 zuwa 17 ga Afrilu, ko 26 zuwa 27 ga Agusta in hadari ya bari. Agogonmu yana gaban ranar Bauchi da kamar minti ashirin, don haka ba sha biyu daidai ba, wajen sha biyu da minti ashirin ne. A tafi da kwalbar ruwa, a tsayar da ita a daɓe mai lebur, a duba gindinta.